Hoton da Aka Ce Yatsana Ne Ya Zame

Akwai wata magana da ke yawo cikin gidan nan, duk ranar salla sai kun fito da ita kun kakkaɓe ta kamar tsohuwar darduma, ku yi ta dariya har da riƙe ciki. Wai Inna ta tashi ɗaukar hoton kaza, ta ɗauki ƙeyar Malam, ta kuma tura wa babban yayanku ba ta sani ba. Ni ma ina taya ku dariyar, kun gani da idonku. To yau na zaunar da ɗiyata Hadiza da alƙalami, saboda wanda nake rufa wa asiri ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ni kuwa ba ni son in bi bayansa da wannan magana a karkace. Ban yi lakwal ba, baƙin boko ko ɗaya ban sani ba. Amma tun ina budurwa a Maraɗi nake zura wa tsofaffin gidanmu zare a allura, kuma har yau da na tsufa yatsan nan bai koyi zamewa ba.

Kafin salula mai hoto ta shiga hannun Malam, ni na riga shi da shekara biyu. Turaren wuta da humra nake haɗawa, matan Yamai daga Gamkale har ƙetaren gulbi sun san hannuna, su suka dame ni sai na yi waya irin wadda ake tura murya. Hadiza ta zuba mini lambobi, ni kuma na ce kowace lamba a manna mata fuskar mai ita. Ku kuna karanta suna, ni fuska nake karantawa, kuma na fi ku sauri. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai a farko, na yi ta tambaya har aka gaji da ni. Ina hoton yake kwana in an kashe waya? In na tura wa mutum hoto, me ya sa nawa bai ragu ba? Ba wanda ya ba ni amsar da ta gamsar da ni, amma na koyi abin da ya kamata in koya. Malam kuwa yana nan da ƴar ƙaramar wayarsa mai maɓalli, wadda ya ɗaure da roba don kada bayanta ya faɗi. Ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar Katako yana sayar da katako, in ya ƙwanƙwasa itace da bayan yatsa ya san ko gara ta shige shi. A shekarar da nake ba ku labari gwiwoyi suka zaunar da shi gida, ya koma kujerarsa ta gindin bishiyar bedi, daga masallaci sai kujera.

A shekarar nan ne babban yayanku ya sayi sabuwar waya, ya aiko matarsa Ramatu da tsohuwar, a ba Baba. Kun lura ban faɗi sunansa ba, kuma ba zan faɗa ba. Jikokina da za su karanta wannan, ku saurara, don ku ba ku tarar da abin ba. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a yabonsa, ba a tsura masa ido. Kunya ce, kunyar iyayenka da suka haife ka, kada a ce don ka samu ɗa ka fara rawar kai. Da na yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a Maraɗi ya girma, sai da ya isa shiga babbar lakwal aka kawo mana shi Yamai kamar baƙo. Ni ina ce masa "wannan yaron", Malam kuwa ko hakan bai cika faɗa ba, sai dai ya ce "a gaya masa". Haka iyayenmu suka yi da nasu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce.

Ranar da za a shirya wayar, da hantsi ne, muka shimfiɗa tabarma gaban kujerar Malam. Hadiza ta ciro ɗan katin lambarsa daga mai maɓallin ta saka a wannan, ni ina kallo kamar ana yi wa mutum aiki a likita. Sai ta ce wayar cike take da hotunan mai ita na da, bari ta share su duka a samu wuri.

Malam ya ce, "A'a. Kayan mutane ne. Wa ya sani ko wata rana a zo nema?"

Hadiza ta ce, "Baba, ai ya kwashe nasa, waɗannan saura ne."

Ya ce, "In ka ari ɗaki ba ka zubar da kayan mai ɗaki. A bar su."

Ni dai na ji, na ajiye a raina. Daga nan na karɓi aikin, don idon Malam ya fara rauni, ƙananan rubutu ba ya ganinsu, sai tsarina na fuskoki. Muka bi ƴaƴa ɗaya bayan ɗaya, ina zaɓen hoto Hadiza tana mannawa. Na Damagaram, ta Kwatano, autanmu Nasiru da haƙoransa a waje. Malam yana duban kowanne yana cewa wannan ya yi ƙiba, wannan hular ba tasa ba ce. Sai aka zo kan na farin. Hadiza ba ta da ta ido, ta san abin da take yi.

Ta ce, "Baba, wannan lambar wane suna zan rubuta?"

Malam ya yi tari, ya ɗaga kai yana duban ganyen bedi kamar yau ya fara ganinsa. Ni ma na shiga gyaran ɗankwali.

Ta ce, "To Inna, wace fuska za a sa?"

Na ce, "Ke dai ba ki da kunya. Sa hoton motarsa."

Haka aka yi. Duk ƴaƴan Malam suna cikin wayarsa da fuskokinsu, ɗaya kaɗai farar mota ce ba suna.

Koya masa kuwa sai da na sha fama. Yatsunsa sun yi kanta da katako, in ya taɓa gilashin wayar ba ta jin sa, sai ya danna da ƙarfi har farcensa ya yi fari. Na ce masa, Malam, ba ƙusa kake bugawa ba, shafa za ka yi kamar kana shafa kan jariri. Ya ce shi bai taɓa ganin abin da ake lallashi kafin ya yi aiki ba sai mace da wannan. Na ce to ka ga ka saba. Na nuna masa inda ake riƙewa a yi magana, ya riƙa ɗaga murya kamar yana kiran mai kamiyon ɗaukar kaya daga wancan bakin kasuwa, kuma ba ya shiga magana sai ya gama gaisuwa kaf, da gajiya da iyali da sanyi da zafi. Abin da ya fi burge shi shi ne da na sa yatsu biyu na buɗe hoto ya ƙara girma. Ya ce in sake. Na sake. Ya juya wayar ya dubi bayanta, wai yana neman inda sauran hoton yake ɓoye.

Sai aka saka shi cikin zauren iyali na waya, inda kuke zuba hotuna. Nan Malam ya samu sabuwar kasuwa. In an turo hoton jariri, ya riƙe wurin magana ya zuba addu'a. In an turo hoton tuwo ma sai ya ce Allah ya sa albarka, a rage barkono. Kowa ya samu rabonsa, ban da mutum ɗaya. In na farin ya turo hoto, Malam ya duba, ya yi shiru, ya wuce. Ni ma haka nake yi, sai dai ni ina da hanyata, in aika wa matarsa da humra ko dambu, ta san na gani. Abin da ba mu sani ba, ni da shi, ashe wayar nan munafuka ce. Tana gaya wa mai hoto wa da wa suka buɗe suka gani. A da, shirun uba ba ya barin sawu, yana wucewa da iska. Yanzu ga shi a ajiye, kowa na iya komawa ya duba inda aka yi magana da inda aka yi shiru.

Ana cikin haka ya gama ginin gidansa a unguwar Koira Kano, ginin da ya ci masa shekaru. Ya tsaya bakin ƙofar falo, wata babbar ƙofa ta jan katako, aka ɗauke shi, ya turo zaure. Ƙannensa suka yi ta barka. Malam ya gani, shiru. Ranar nan kuma da la'asar Nasiru ya turo hoton wani tsohon babur da ya saya, Malam ya yi masa addu'a mai tsawo har da ta tsarin hanya. Washegari Hadiza ta ce mini yaya ya fita daga zauren. Juma'a ta zo, wadda bai taɓa fashin zuwa gaisuwa bayan masallaci ba, bai zo ba. Ta biyu ma haka. A ta uku Ramatu ta zo ita kaɗai. Bazabarma ce, amma Hausa ta zauna a bakinta, kuma yarinya ce mai hankali. Ta same ni a madafa, ta durƙusa.

Ta ce, "Inna, ni ba tsegumi na kawo ba. Amma ɗanku ba ya cin abinci yadda ya saba."

Na ce, "Ba shi da lafiya ne?"

Ta ce, "Lafiyarsa lau. Cewa ya yi, babur ya samu albarka, gida bai samu ba."

Na ce, "Haba Ramatu, shi bai san al'ada ba? Yaro ne?"

Ta ce, "Ya sani, Inna. Ya ce da kansa ya sani. Amma ya ce shekara hamsin yana gaya wa zuciyarsa kunya ce, kunya ce, yanzu ya gaji, ya fara tunanin ko ba komai a bayan kunyar. Yaran ma sun tambaye shi me ya yi wa Kaka."

Na yi ta juya maganar nan a raina. Ko ba komai a bayan kunyar. Na so in ce mata je ki gaya masa akwai, amma da wane baki? Ni ma ban taɓa gaya masa ba. Kuma gaskiya, ni kaina sai na tsinci kaina ina tambaya. Na zauna da mutumin nan tun ina da ƙuruciya, na san tarinsa, na san takunsa, amma ban taɓa jin ya yi zancen yaron nan da abin da ya wuce "ya iso?" da "ya tafi?" ba. Shin me ke cikin ransa? Son sani ya kama ni, irin wanda ke hana mutum zama.

Sai na fara lura. Bayan azahar, lokacin da gida ke yin shiru, Malam yakan juya kujerarsa ta ba ɗakuna baya, ya sunkuya kan wayar, ya daɗe. Rana ɗaya na kawo masa ruwa ba tare da na ja takalmi ba, na hango jan katako a gilashin. Ya yi sauri ya kife ta a cinya.

Na ce, "Malam, me ake kallo haka?"

Ya ce, "Katako nake dubawa. Masu aikin yanzu sai su shafa wa farin itace jan fenti su ce ja ne."

Na ce, "To ja ne ko fari?"

Ya ce, "Ban gama dubawa ba."

Kwana uku yana duba katakon nan. A na huɗu na ɗebo tsabar hatsi na watsa wa kaji daidai bayan kujerarsa, na tsaya kamar ina ƙirga su. Daga nan ina ganin komai ta saman kafaɗarsa. Ya buɗe hoton ƙofar, ya sa yatsu biyu kamar yadda na koya masa. Amma ba kan katakon ya buɗe ba. Fuskar ya jawo, har ta cika gilashin, furfurar da ta fara fito wa yaron a gemu tana bayyana ɗaya-ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Sai ya koma cikin tsofaffin hotunan nan da ya hana a share, yana bi a hankali, ga shi wurin aiki, ga shi da yaransa bakin gulbi, ga shi yana dariya da wasu abokai da ba mu sani ba. Kowanne sai ya jawo fuskar. Kuma yatsan nan mai kanta, wanda na yi fama da shi, yana shafa gilashin a hankali, daidai yadda na ce a shafa kan jariri.

Na koma ɗaki na zauna bakin gado. Na samu amsata, amma amsar ba ni ke da buƙatarta ba. In na gaya wa Malam ya yi magana, ba zai yi ba, ya gwammace a yanke masa harshe. In na kira yaron na ce ubanka yana kallonka, na karya tawa kunyar, kuma zai ce uwa ce ke gyara zance. In na yi shiru, Juma'a za ta yi ta wucewa har ranar da za a kira shi a ce ya zo ya ɗauki makara. Sai na tuna hoto ba shi da baki, ba ya kiran sunan kowa, ba ya jin kunya. Amma na san kuma abin da zan yi tonon asiri ne. Mutumin da ya rufe abu shekara hamsin, in buɗe shi ba da izninsa ba. Na auna, na ga fushinsa zan iya ɗauka, rashin ɗan ne ba zan iya ba.

Washegari na sake watsa wa kaji hatsi. Na ɗaga wayata, na daidaita ta yadda hularsa da kunnensa da gilashin da ke hannunsa duk suka shiga, na jira sai da fuskar ta cika gilashin, na taɓa. Wayar ta yi ƙaran nan nata. Malam ya waiwayo.

Na ce, "Wannan kazar mai wake-wake nake ɗauka, wata ta ce tana son irinta."

Ya dube ni, ya dubi kazar, ya juya. Na shiga ɗaki, na nemo farar mota a tawa wayar, don ni ma motar ce a wurina, na tura. Ban haɗa da murya ba, ko sallama.

Ranar Juma'a muka ji tsayuwar mota. Ya shigo, ya durƙusa gaban ubansa ya yi gaisuwa kamar kullum, Malam ya amsa yana duban gefe kamar kullum. Sai dai ya daɗe a durƙushe fiye da yadda ya saba, kuma da ya zo gaishe ni idonsa ja ne. Ban tambaya ba. Da a nan abin ya tsaya da shi ke nan. Amma ya nuna wa Hadiza hoton, Hadiza ta nuna wa Nasiru, Nasiru kuwa bakinsa ba ƙofa. Ana cin abinci ya ce ashe Baba ya iya jawo fuska. Hannun Malam ya tsaya cikin kwano. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka yaye wa riga a tsakiyar kasuwa.

Ya ce, "Wa ya ɗauke ni?"

Hadiza ta yi wuf ta ce, "Baba, kuskure ne. Inna ce ta tashi ɗaukar kaza, ka san hannun tsufa, ta ɗauko ka, wurin turawa kuma ta taɓa wata lambar."

Duk suka juyo suna dubana. Ku kun san ni, kun san ban iya a raina ni ba. Ni da na koya wa rabin matan unguwar nan tura murya, ni da ban taɓa aika wa mai turare saƙon mai humra ba. Amma in na ce da gangan na yi, to an taru an ga asirinsa ke nan da niyya, kuma matarsa ce ta shirya. In kuskure ne, ƙaddara ce, ba wanda ya kunyata kowa.

Na ce, "Wannan abin naku na zamani ya fi ƙarfina. Duk maɓallan kama suke mini."

Nasiru ya fashe da dariya, saura suka bi, har Malam ya saki fuska ya ce mata ai sai a hankali. Daga ranar na zama tsohuwar da ba ta bambance kaza da miji. Har kwastomomina labarin ya kai, wata ta riƙa ce mini Hajiya a duba da kyau kafin a tura. Abin da na biya ke nan, kuma ga mace irina ba kaɗan ba ne.

Da yayanku ya tashi tafiya ranar, ya yi sallama ya kai bakin zaure, sai Malam ya yi gyaran murya, ya dube ni, ba shi ba.

Ya ce, "A gaya masa katako ba a gane shi a hoto. Sai an ƙwanƙwasa."

Bayan kwana biyu aka aiko mota. Malam da gwiwoyinsa da sandarsa muka tafi Koira Kano, karo na farko. Ya tsaya gaban ƙofar nan, ya ƙwanƙwasa sama, ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya kara kunne, ya shinshina. Mai gidan yana tsaye gefe, hannu a baya, kamar ɗan lakwal da ke jiran sakamako. Can Malam ya dafa ƙofar da tafin hannu, ya ce wa ƙofar, ba wa kowa ba, ja ne na gaske, wanda ya zaɓe shi ya san itace, Allah ya sa a daɗe ana shiga da fita cikin lafiya. Na ji an ce amin a bayana da wata irin murya, ban waiwaya ba. Juma'a ba ta sake wucewa ba tare da farar mota a ƙofar gidanmu ba, har ranar da aka fitar da Malam, kuma shi ne a gaban makara.

Saura abu ɗaya, wanda ko Hadiza da ke rubutun nan ba ta sani ba. A hanyarmu ta dawowa daga Koira Kano, muna bayan mota ni da shi, ya juya yana kallon titi ta taga. Ba tare da ya dube ni ba, ya yi ƙasa da murya yadda direba ba zai ji ba.

Ya ce, "Kazar nan, da na waiwaya, tana can bakin randa. Ke kuma wayarki ni take kallo."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ban gama duba katakon ba."